Bodari a Ɗakin Turare

Nasidi magini bai taɓa neman zama masanin namun daji ba. Katanga ya iya, da ɗaki, da daɓe. Amma ya gina gidansa ne a ƙarshen Bulumkutu, a shekarun da ake sharar daji domin hanyar jirgin ƙasa, kuma duk dabbar da aka rushe wa rami a can, gidajen mutane take nufa. Haka ya san su ɗaya bayan ɗaya, ba don yana so ba.

Mutumin ƙasar Kano ne, daga wani ƙauye gabas da Gezawa. Ya zo Maiduguri yana saurayi a bayan motar kaya da niyyar yin rani ɗaya, ya shekara ashirin da biyu bai koma ba. Ya fara da kwaɓa ƙasa a unguwar Fezzan, ya koyi gini a garin da ƙasarsa rairayi ce, sai an je bakin kogi da jaki an ɗauko mai danƙo. A can ya auri Fanna, Babarbariya 'yar Khaddamari mai haɗa turaren wuta, suka haifi 'ya ɗaya, Binta. Da zaman haya ya ishe shi sai ya samu fili a bakin daji, ya yi ɗakuna huɗu da hannunsa.

Shekarar farko kura ta tsallako ta ɗauke masa akuya. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida suka yi yini biyu suna ba da labarin kurayen da kakanninsu suka kama da hannu. Shi kuwa ya ƙara wa katanga kamu uku, ya jera ƙaya a kanta. Guza ya koyi shan ƙwai, sai Nasidi ya ɗaga akurki ya ɗora bisa turaku. Gafiya ta huda rumbu, ya fasa kwalabe ya kwaɓa da ƙasa ya toshe. Kowace dabba ta zo, maganinta a wurinsa ƙasa ne da ruwa da ciwon baya. Abin da bai samu maganinsa ba shi ne maƙwabcinsa Babakura, dillalin jakai, mutumin da in kaza ta ɓace a unguwa sai ya yi mata bayanin da ya fi ta girma.

A shekarar da aka sa ranar auren Binta, uwar Fanna, wadda ake kira Ya Zainaba, ta zo daga Khaddamari da ƙullin kaya a ka. A cikin ƙullin akwai guntun itacen sandal da mijinta ya zo da shi lokacin da ya dawo aikin Hajji ta ƙasa, bayan shekara huɗu a hanya. Ya rasu ba da daɗewa ba. Ta ajiye itacen shekara goma sha ɗaya, ba ta yanki ko ƙwaya ba, ta ce na jikarta ne. Ita da Fanna suka yi mako guda suna daka da soyawa, kajiji da farce da jawul da sandal ɗin nan gaba ɗaya, suka cika tukwane bakwai. Suka rufe bakinsu da faifai, suka ɗaure da tsumma, suka jera su a kan dakali a ƙaramin ɗakin da ke manne da ɗakin da tsohuwar take kwana. Sai sun kwana arba'in za a buɗe. In wannan ya lalace babu wani, don babu wanda zai sake tafiya Makka da ƙafa ya kawo.

Ran kwana na ashirin da shida Fanna ta tarar da 'yan tsaki biyu babu kai. Nasidi ya bi bango yana dubawa, har ya iso gindin ɗakin turare. Ga rami nan, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a bakinsa ɗan gashi ya maƙale, baƙi da fari. Ya sunkuya ya shaƙa. Ya miƙe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ja da baya.

"Mene ne, Malam?" in ji Fanna.

"Bodari."

"A ina?"

"Ƙarƙashin dakalin tukwanenku."

Ta ɗora hannu a ka. "To a kwashe su mana!"

"Ki taɓa ɗaya ta yi ƙara, ki ga abin da zai faru. Ya firgita ya yi tusa a ɗakin nan, tukunyar ƙasa za ta sha warin kamar yadda take shan ruwa."

Ya san abin da yake faɗa. Ya taɓa ganin wani lebura ya kai wa bodari shebur a wani kango a Fezzan. Rigar mutumin ƙona ta aka yi, ɗakin kuma ya yi damina guda babu mai shiga.

"Tun farkon ruwa nake ce maka gindin bangon nan ya ci," in ji Fanna. "Ka gyara wa rabin gari nasu."

"Kin faɗa," ya ce. Gaskiya ta faɗa.

Dabararsa ba mai wuya ba ce. Bodari ba ya daɗewa a rami ɗaya in babu abin ci kusa. Sai ya kwashe kaji ya kai gidan wani abokin aikinsa, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya ce kada wanda ya daka ko ya sara itace a wannan ɓangaren. Da magariba ya tankaɗe toka ya barbaɗa a bakin ramin. Da safe zai duba sawu. Ranar da ya ga an fita ba a dawo ba, ya toshe, shi ke nan. Abin da ake bukata kawai kada kowa ya taɓa tokar kafin gari ya waye.

Matsalar ita ce ramin yana taku biyu ne daga ƙofar surukarsa. Shekara ashirin yana auren 'yarta, bai taɓa haɗa ido da ita ba. Gaisuwa daga nesa yake yi, a tsugune, takalmi a gefe, kai a ƙasa. Ba shi da halin ya je ƙofarta da fitila kafin asuba yana leƙe-leƙe, balle ya tsaya ya ce mata yi kaza, bar kaza. Duk abin da zai faɗa mata sai ya bi ta bakin Fanna.

Washegari ya dawo daga masallaci ya nufi wurin. Babu toka. An share tsakar gida tas, rairayin ya kwanta layi-layi, kowane jan tsintsiya a gefen ɗan'uwansa, kamar an yi wa ƙasa kitso.

"Wa ya yi shara?"

"Ya Zainaba ce. Ka san ba ta barin rana ta fito wa ƙofarta da datti."

"Ki ce mata kada ta share nan."

Fanna ta ce to. Amma ba ta iya kallon uwarta ta ce kada ta yi abu ba, sai ta lanƙwasa maganar. Ta ce, "Ya, ki riƙa hutawa da safe mana, ga Binta za ta yi sharar." Tsohuwar ta tambaya ko an ga ta fara tafiya da sanda ne. Rana ta biyu ta share tun kafin liman ya yi sallama, ta haɗa har da ƙofar zaure da ba ta saba taɓawa ba.

Nasidi ya tsaya yana kallon layukan tsintsiya, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Me kika ce mata?"

"Na faɗa mata."

"Me kika faɗa?"

"Na ce ta huta."

"Ni hutu na ce? Ki ce mata tokar tawa ce. Ni na zuba, da gangan."

Wannan karon Fanna ta isar da saƙon yadda aka ba ta. Rana ta uku da ya dawo masallaci, ya tarar da tokarsa an tattara ta tsaf a cikin kasko, an rufe da faifai, an ajiye masa a ƙofar ɗakinsa.

"Ta ce tunda taka ce, ga ta nan, kada ta ɓace," in ji Fanna, tana kallon wani wuri. "Ta ce kuma gidan da ake shirin biki, baƙi na shiga suna fita, ba a barin toka a ƙofar mutane kamar gidan da uwargida ta mutu."

Ya tafi wurin aiki bai karya ba. Ranar ya ɗora tubali a karkace har sau biyu, abin da bai yi ba tun yana koyo. Da yamma ya tattara duk tsintsiyar gidan, guda huɗu, ya cusa su a saman rumbu inda sai da tsani.

Wannan ne kuskurensa mafi girma. Ya Zainaba ta nemi tsintsiya ta rasa, sai ta yafa gyale ta shiga gidan Babakura ta ara. Matar Babakura ta tambayi dalili, magana ta jawo magana, kafin hantsi duk layin ya san akwai bodari a gidan magini.

Babakura ya iso da yamma, babbar riga tana jan ƙasa, da mutum uku a bayansa. Ya yi gaisuwar Barebari, ya kira Nasidi da sunan da suke kiran Bahaushe.

"Wushe, Afuno! Ashe baƙo ka yi ba ka faɗa mana ba? Kwana nawa kana ciyar da shi?"

"Ba na ciyar da shi."

"To me kake jira? Kawo garwashi da barkono, mu tura masa hayaƙi. Kafin ka ce wani abu ya fito yana tari."

"Hayaƙin barkono," in ji Nasidi. "A ɗakin turare."

"To ruwan zafi. Tulu biyu. Kawuna a Dikwa da ruwan zafi ya kori bodari goma sha biyu rana ɗaya."

"Gidan nasa fa?"

"Ai daga baya ya tashi, amma ba don wannan ba." Babakura ya juya ga mutanensa. "Ku je ku kira Peter mai gadin kayan reluwe. Karensa ba ya tsoron komai."

Nasidi ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin zaure, ya zauna ya miƙe ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Kare ba zai shiga gidan nan ba. Hayaƙi ba zai shiga ba. Kai ma yau ba za ka shiga ba."

"Ku ji mini mutum! Gadin bodari yake yi! Shekara nawa muna maƙwabtaka, ka tare ni a ƙofa saboda dabba mai wari?"

"E."

Babakura ya yi ta magana har aka kira magariba. Da ya ga babu hanya sai ya ciro wata laya daga aljihu, ya ɗaure ta a reshen bishiyar maina da ke ƙofar gidan, ya ce ya yi nasa, saura ya rage ga masu taurin kai.

Rana ta biyar aka sake share tokar, da tsintsiyar aro. Nasidi ya kai maƙura. Ya kara kunne a bango, bai ji motsi ba. Ya shaƙa, warin kamar ya ragu. Babu kaza a gidan kwana biyar, me zai riƙe dabba? Ya ce a ransa bodarin ya tafi, kuma ko bai tafi ba shi ya gaji. Ya juye ƙasa a tsakar gida, ya zuba ruwa, ya tattake ta da ƙafa, ya ciko kwando ya nufi ramin.

Ya tarar da tabarma a bakin ramin, Ya Zainaba a kanta, ta juya masa baya, tana jan carbi.

Ya tsuguna daga nesa da kwandon a hannu. Ya yi gaisuwa, ta amsa wa bango. Ya jira. Ba ta motsa ba. Rana ta hau, ƙasar ta fara bushewa a yatsunsa tana tsattsagewa.

"Fanna," ya kira, murya ƙasa-ƙasa. "Ki tambaye ta ko za ta ɗan matsa."

Tsohuwar ba ta jira a isar mata ba. Ta yi magana da Barbarci, tana fuskantar 'yarta, doguwar magana ba gaggawa. Nasidi yana jin fiye da rabi, amma ya bari a fassara masa yadda aka saba.

"Ta ce yana ciki."

"Ta yaya ta sani?"

"Ta ce ba ma namiji ba ne. Mace ce, da 'ya'ya biyu. In ka toshe yanzu, za ta haukace a ciki ta yi abin da kake gudu, sannan su mutu a ƙarƙashin tukwane su ruɓe."

Ya ajiye kwandon. "Na ce ta yaya ta sani?"

Ya Zainaba ta sake magana, wannan karon da ɗan tsaki a ƙarshe.

"Ta ce toka ba ta riƙe sawu. Iska kaɗan ta taso ta hargitsa ta, ƙadangare ya bi ta kai, raɓa ta sauka ta dunƙule. Ta ce a Khaddamari rairayi ake sharewa da yamma ya kwanta lumui, da safe a karanta. Ita kullum bayan ka zuba tokarka ka tafi, sai ta gyara rairayin da ke gaba da ita. Da asuba ta duba kafin ta share. Babbar tana fita tana dawowa kowace rana. Shekaranjiya ƙananan suka fara leƙowa, su yi taku kaɗan su koma. Ta ce sun kusa iya tafiya. In sun iya, uwar za ta kwashe su, tunda ka hana ta kaji."

Nasidi ya dubi hannuwansa. Kwana biyar. Tubali biyu a karkace, faɗa da maƙwabci, tsintsiya huɗu a saman rumbu.

"Me ya sa ba ta faɗa ba tun ran farko?"

Fanna ta tambaya. Amsar ta zo gajeriya.

"Ta ce wa ya tambaye ta? An aiko mata ta huta, an aiko mata toka taka ce, an ɓoye mata tsintsiya. Ba wanda ya aiko ya ce, Ya, me kika gani. Ta ce kuma sandal ɗin na mijinta ne, kana tsammani barci take yi?"

Nasidi ya miƙe. Ya ɗauki kwandon ya koma da shi, ya yayyafa wa ƙasar ruwa ya rufe da buhu. Ya jingina tsani ya sauko da tsintsiyoyin, ya ba Binta ta kai wa kakarta. Daga ranar bai sake tankaɗe toka ba.

Aka ƙara kwana shida. Kullum in ya dawo masallaci sai ya tarar an share, Fanna ta ce masa, "Tana ciki," ya ɗauki kayan aikinsa ya fita. Kullum da yamma ya shimfiɗa tabarma a zaure, Babakura ya zo da sabuwar dabara. Ran nan tarko ne, ran nan wani maharbi da bindigar toka, ran nan kuma cewa ya yi a ɗaura wa kyanwa igiya a tura ta ramin. Mata masu zuwa ganin kayan biki suka riƙa tambaya a zaure ko gaskiya ne turaren amarya ya lalace. Fanna ta daina cin abinci sosai. Binta kuwa ya gan ta sau biyu tsaye nesa da ɗakin tana shaƙar iska.

Ran kwana na talatin da bakwai ya dawo ya ga tsintsiya jingine a ƙofar ɗakinsa. Tsakar gida ba a share ba. Labulen tsohuwar a sake, babu motsi. Ya taka a hankali ya tsuguna. Ga shi nan a rubuce a kan rairayi, ko makaho ya shafa zai gane: manyan sawu a tsakiya, ƙanana biyu suna bi a gefe suna karkacewa, sun bi gindin bango sun fita ta magudanar ruwa. Babu wanda ya dawo.

Bai kira kowa ba. Ya yaye buhu, ya cusa fasassun kwalabe a ramin, ya bi da ƙasa ya danna da dunduniya. Ya yi wa gindin bangon gaba ɗaya sabon yaɓe, wanda ya kamata ya yi tun farkon damina. Ya sa wa magudanar raga ta waya. Ranar bai je aikin kowa ba.

Da kwana arba'in suka cika, Ya Zainaba ta kwance tsumman tukunyar farko da kanta. Ta ɗebi kaɗan ta zuba a garwashi. Nasidi yana zaure yana gyara ƙotar fartanya, ƙanshin ya iske shi a can, mai nauyi, mai sanyi, babu ko ɗigon wani abu a cikinsa. Ya ji Fanna ta yi guɗa. Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa.

Babakura ya leƙo, ya buɗe hanci, ya nuna bishiyar maina da sandarsa.

"Ka gani ko, Afuno? Kwana bakwai cif da ɗaura ta. Na faɗa maka malamin da ya rubuta ta ba ya wasa." Ya kwance layarsa ya mayar aljihu, ya tafi ba wa unguwa labari. Har aka yi biki aka watse, abin da Bulumkutu ta sani shi ne layar Babakura ce ta kori bodari daga gidan magini.

Nasidi bai yi musu da kowa ba. Ana jibi tsohuwar za ta koma Khaddamari ta ce ta fasa, za ta ƙara wata guda. Sai ya kora jaki zuwa bakin kogi, ya yi sawu uku, ya kawo farin rairayi ya baza a ƙofar ɗakinta daga bango zuwa bango, ya daidaita da katako. Bai aika da wata magana ba.

Da safe ya tarar ta share shi layi-layi. A ƙofar ɗakinsa kuma ga kasko an rufe da faifai. Ya buɗe. Tsakuwa ce, cike da tafin hannu.

"Ta ce an gode," in ji Fanna. "Ta ce wani karon a riƙa tankaɗewa."